Sukurun da Bai Zauna Ba

Na yi shekara biyu da 'yan watanni ina aiki a wata 'yar masana'anta da ke Kanvili, a nan Tamale. Masana'anta dai a baki ne kawai. Tsohon sito ne na ajiyar shinkafa aka share, aka yi masa silin, aka jera tebura huɗu a ciki. Abin da muke haɗawa shi ne akwatin da ke zama tsakanin faifan sola da batir da firij. Shi ke raba wuta, ya hana batir cika fiye da kima, ya hana firij zuƙe shi tas. Kayan ciki daga waje ake kawo su a kwali, namu jerawa ne da rufewa. Yawancin firijin ƙauyuka da rugage ake kai su, wurin ƙungiyoyin mata masu sayar da nono.

Akwatin na baƙar roba ne mai tauri, girmansa bai fi tafin hannu biyu ba. Yana da murfi mai sukuru shida, kuma tsakanin murfin da bakin akwatin akwai wani zobe mai taushi da ke hana ruwa shiga, don a waje ake rataye shi, jikin sandar da ke ɗauke da faifan. In sukuru shidan nan suka zauna suka matse zoben, ko wane irin ruwa aka yi ba zai shiga ba. In ɗaya bai zauna ba, to sai abin da Allah Ya yi.

Ni aka ba kula da teburin ƙarshe, teburin rufi, saboda na yi karatun lantarki a makarantar koyon sana'a. A kan teburin akwai sukundireba na lantarki da ke reto daga sama, wayarsa ta shiga wata na'ura mai ɗan gilashi kamar na waya. Mu bindiga muke ce masa, saboda yadda ake riƙe shi. Aikin bindigar ba murɗawa kawai ba ne, tana jin abin da take murɗawa. Sukurun shi yake yanka wa kansa hanya a cikin robar yayin da yake shiga, to tana jin wannan taurin. Da kansa ya taɓa murfi, sai taurin ya tashi farat ɗaya, sai ta gane ya zauna. Daga nan ta ƙara masa ɗan murɗi na awo don ya matse zoben, ta tsaya, koriyar wuta ta kama. In wani abu ya saɓa, ja ce za ta kama, da ƙara. Kowane sukuru kuma na'urar tana rubuta labarinsa ta ajiye.

Injiniyan da ya kawo ta daga Accra kwana uku ya yi yana koya mini. Ya nuna mini shafi biyu a gilashin. Na farko shi ne wanda zan iya taɓawa: gudun bindigar, da lambar taurin da in ta kai za ta ce sukuru ya zauna. Na biyun ana ganinsa, amma rubutunsa a dushe yake, ba ya taɓuwa sai da lambar sirri. Na tambaye shi lambar. Ya yi dariya ya ce, "Wannan ba za ki taɓa buƙatarsa ba. In ma kin buƙata, ga lambar wayata."

Wanda ke riƙe bindigar wani dattijo ne daga unguwar Kaladan, ya ba shekara sittin baya. Shekara talatin ya yi yana gyaran agogo da rediyo a gefen babbar kasuwa, har wayar hannu ta zo ta kashe masa sana'a. Manajanmu ya ɗauke shi ne don hannunsa ba ya rawa. Baba nake ce masa. Shi kuma in mu biyu ne sai ya ce ɗiyata, in manaja na kusa ya ce Madam, kuma duk lokacin da ya faɗi haka sai na ji kamar in nutse.

Wata safiya, ana gab da faɗuwar damina, ina duba wayoyi a tebur na biyu sai ya yi kirana.

"Ɗiyata, zo ki ga wani abu."

Na zo. Akwati ne a gabansa, wuta kore shar.

"Wannan bai zauna ba," in ji shi, ya nuna sukurun kusurwa.

"Baba, ai ga kore."

"Na ga kore. Ni dai hannuna bai ji ya zauna ba."

Ya yagi gefen takardar kwali mai laushi, ya tura ta ƙarƙashin kan sukurun. Ta shige sumul. Ya gwada a sauran biyar ɗin, ba ta shiga ba. Na karɓi takardar na gwada da kaina, ta sake shigewa. Ratar ba ta kai kaurin farce ba, ido ba zai kama ta ba sai an karkata akwatin an sa shi a haske.

Muka ɗauko waɗanda aka rufe jiya muka bi su da takarda. Cikin kowane goma sai mu sami ɗaya, wani lokaci biyu. Na tambaye shi tun yaushe yake jin haka. Ya ce zai kai mako uku, amma ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa hannunsa, ya ji kunyar faɗa. A cikin makonni ukun nan mota ta zo ta yi lodi sau biyu.

Manajanmu ba mugun mutum ba ne, ina so in faɗi wannan tun yanzu. Saurayi ne mai ƙoƙari, wanda masu kamfanin ke kira daga Accra sau uku a yini suna tambayar yaushe kaya za su fita, domin an yi alkawarin kafa firijin kafin hanyoyi su lalace. Da na nuna masa takardar, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wataƙila Baba yana karkata bindigar ne. Na ce zan duba.

Haka na shiga nema. Na kai wa wani mai walda zane ya ƙera mana ƙarfen da zai riƙe bindigar a miƙe, ta yadda ko mutum ya so karkata ta ba zai iya ba. Ba abin da ya sauya. Na cire bakin bindigar na sa sabo. Na kwance wayar na goge bakinta, na mayar. Na zargi wutar gari, don a unguwarmu takan yi ƙasa da rana tsaka, sai muka yini a kan janareta. Nan ma haka. Na zazzage sukurai a faranti ina gwada su da juna ko akwai gajeru a ciki, duk tsawonsu ɗaya. Na rage gudun bindigar har ma'aikata suka fara yi mini tsiya wai ta koma hawainiya. Ratar tana nan.

Saura abu ɗaya a shafina, lambar tauri. Na yi tunani, tunda tana cewa ya zauna alhali bai zauna ba, bari in ɗaga lambar yadda ba za ta yarda da wuri ba. Na ɗaga. Akwati huɗu suka fita lafiya, har na fara murmushi. A na biyar sai sukurun ya zauna, bindigar ba ta gane ba, ta ci gaba da murɗawa har ya cinye haƙoran da ya yanka, ya riƙa juyawa a banza kamar loma a bakin marar haƙori. Akwatin ya tashi aiki ke nan, don ramin ba ya gyaruwa. Kafin azahar mun yi asarar bakwai. Na sauke lambar kaɗan. Sai ga rata ta dawo, kuma cin haƙoran bai daina ba. Kwana huɗu ina hawa ina sauka tsakanin lambobi biyu, kamar mai lulluɓa da gajeren mayafi, ka rufe kai ƙafa ta fito. Babu wata lamba a tsakani da ta raba ni da duka biyun.

A kwanakin nan Baba ya fara wata dabara. Yana da ƙaramin sukundireba na hannu mai mariƙin katako, tun na zamanin rediyo, kullum yana aljihun gaban rigarsa. In ya ji sukuru bai zauna ba sai ya zaro shi, ya ƙarasa da hannu, ya mayar aljihu. Na gani na kau da kai. Matsalar ita ce wata ma'aikaciya da ke karɓarsa in ya tafi salla ta ga abin da yake yi, ita ma ta samo nata. Hannunta ba irin nasa ba ne. Ta murɗa har murfi biyu suka tsage, manaja kuwa yana tsaye a bayanta.

Ya tara mu ya ce daga yau kada ya ƙara ganin sukundireban hannu a teburin rufi. Ya ce a takardar yarjejeniya an rubuta cewa kowane sukuru na'ura ce za ta ɗaure shi ta ajiye shaida, wanda aka taɓa da hannu ba shi da shaida.

Baba ya ce, "Masta, shaidar nan fa ta zur ce."

"Na ji, Baba. Amma ita za a tambaye ni."

Muka koma bin kowane akwati da takarda. Wanda ta shige sai a ajiye shi a kusurwa. Kusurwar ta fara cika.

Baba ne ya gano bakin zaren, ba ni ba. Wata ranar Laraba ana hutun cin abinci, na same shi bai taɓa wake da shinkafarsa ba, ya jera akwatuna marasa komai a gabansa yana ƙwanƙwasa su da farce yana kai su kunne.

"Saurara," ya ce. Ya ƙwanƙwasa ɗaya, ya ƙwanƙwasa wani. "Wannan da wannan ba uwarsu ɗaya ba."

Ni ban ji bambanci ba, na gaya masa gaskiya. Sai ya ba ni sukundirebansa ya ce in ɗaura sukuru a kowanne da hannuna. A na farko ya shiga kamar ana tura cokali a tuwo. A na biyu kuwa, tun daga tsakiya sai da na sa ƙarfi, kamar mai haƙa a fako. Kala ɗaya, siffa ɗaya, kwali ɗaya, amma robar iri biyu ce a gauraye. A mai taurin, wahalar yanka hanya kaɗai takan kai lambar da bindiga ke jira, sai ta ɗauka kan sukuru ne ya taɓa murfi. In na ɗaga lambar don mai tauri, sai ta fi ƙarfin mai laushi.

"Na kuma ƙirga," in ji Baba. "Sukurun kirki sai ya juya sau bakwai yake zama. Na ƙaryar nan a huɗu ko biyar take ba shi kore. Ita ba ta iya ƙirga ba ne?"

Ta iya kuwa. Na tashi na je na buɗe shafi na biyu, wanda ba ya taɓuwa. A layi na uku, cikin dusasshen rubutu, ga shi nan: adadin juyin da za ta bari ya wuce kafin ta fara sauraron zaman sukuru. An bar shi a sifili. Da zan iya rubuta shida a wurin, da duk taurin da ta ji kafin juyi na shida ba za ta kula shi ba. Na danna wurin da yatsa. Ya nemi lambar sirri.

Na kira injiniyan. Wata mata ta ɗauka ta ce layin nata ne yanzu. Na kira ofishinsu, aka ce ya bar aiki ya tafi ƙasar waje, kuma lambar ba ta hannunsu, sai an rubuta wa waɗanda suka ƙera na'urar. Manaja ya rubuta. Bayan kwana shida suka amsa cewa a turo musu zanen da na'urar ke ajiyewa na kowane sukuru. Fitar da zanen sai da wata waya ta musamman, wadda ba a bar mana ba. Na bi shagunan kwamfuta na garin nan kaf, kowa ya juya hoton bakin wayar ya girgiza kai. Na ɗauki hoton gilashin da wayata muka tura, suka ce bai isa ba. Sau ɗaya aka haɗa ni da wani mutum ta bidiyo, fuskarsa na tsayawa tana tafiya saboda rashin kyan layi. Na yi masa bayani iya Turancina. Abin da na iya tsinta daga bakinsa shi ne, ba sa ba da lambar sai ga wanda suka horar, kuma zai tura maganar gaba.

Wata rana haushi ya ɗebe ni na fara cankar lambar. Na sa sifili huɗu. Na sa ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na sa shekarar da aka ƙera ta. A karo na uku sai na'urar ta kulle kanta gaba ɗaya na tsawon awa guda, aiki ya tsaya cak, mutum tara suna zaune suna kallona. Manaja bai yi mini faɗa ba. Ya dai tsaya a bakin ƙofa ya riƙe ƙugu, sannan ya koma ofis.

Mun gwada ware akwatunan da kunnen Baba, masu tauri gefe, masu laushi gefe, kowane kashi da lambarsa. Yakan dace sau da yawa, amma ba kullum ba, kuma in janareta na aiki ba ya jin komai.

Ranar da motar lodi ta zo karo na uku, kayan da suka tsallake takarda ba su kai adadin da ake jira ba. Na ji manaja a waya yana cewa, "Yes sa, amma sa," har sau nawa ban sani ba. Da ya fito bai dubi kowa ba. Ya ce mai kamfani ya ce kore kore ne, a cika da na kusurwa.

Na ce, "Masta, ruwa zai shiga."

"Na gaya masa."

"A bar Baba ya ƙarasa su da hannu mana. Rabin awa ya isa."

"Ya ce duk wanda aka ga alamar hannu a jikinsa, ni zan amsa."

Na so in ce ba da ni ba. Direba yana ta danna ham, ma'aikata suka fara ɗauka, sai na ga kaina ni ma na sunkuya na rungumi kwali na kai mota. Kwali uku na kai. Baba bai tashi daga kujerarsa ba, kuma ba wanda ya ce masa ya tashi.

Aka yi ruwa na farko mai ƙarfi, aka yi na biyu. Bayan na uku aka kira mu daga wata ruga da ke bayan Gbalahi, cewa firij ya mutu. Manaja ya ba ni sabon akwati ya ce in je in sauya. Baba ya ce zai bi ni. Na goya shi a babur ɗina, ya riƙe akwatin a cinya, muka bi ta gonakin da aka fara huɗa, taɓo na fallatsa mana har gwiwa.

Shugabar matan wata dattijuwar Bafulatana ce, doguwa, mai Hausar kasuwa. Ta kai mu rumfar da firijin yake. Tun kafin a buɗe shi warin ya tare mu. Kwana uku ke nan da mutuwarsa, ta ce. Nonon yamma suke tarawa a ciki, da safe masu yin yogot daga gari su zo su ɗauka da ɗanyensa. Daren farko ba su ankara ba, sai da safe suka tarar duk ya tsinke. Abin da ya yiwu sun yi wagashi, wato cuku, da shi, saura sun zubar a bayan garke.

Na hau kan turmi na sauko da akwatin daga jikin sanda. Tun a hannu na ji ruwa na motsi a ciki. Da na buɗe, ya zubo mini a zane, allon ciki ya yi tsatsa kore-kore, har da tururuwa. Kafin in kwance na riga na duba: sukuru biyu na gefen sama ba su zauna ba.

"Ku kuka yi shi?" ta tambaye ni.

"Mu ne, Inna."

"Da aka kawo an ce mana ba ya jin ruwa."

Ta ci gaba, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin wani. Ta ce ita ce ta bi rugage huɗu da ƙafarta ta shawo kan mata su daina dafa nonon yamma, su riƙa kawowa nan. Wasu mazan sun hana, ta je ta zauna da su har suka yarda. Jiya wata ta aiko a karɓo mata ƙwaryarta, ba ta ko zo da kanta ba.

"Nono dai shanu za su sake bayarwa," ta ce. "Ni da wane baki zan koma musu?"

Na haɗa wayoyin sabon akwatin, firij ya yi ƙara ya tashi. Ta dubi akwatin ta dube ni.

"Wannan ɗin fa? Shi ma haka yake?"

Wannan ya tsallake takarda, na sani, ni na gwada shi. Duk da haka sai na dubi Baba. Baba ya zaro sukundirebansa ya bi sukuran shida ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan taɓa kowanne, sannan ya ce mata, "Wannan ya zauna, Hajiya. Ni na ce miki." Ta gyaɗa kai.

Cikin mako biyu akwatuna suka fara dawowa daga wurare daban-daban. Mai kamfanin ya zo da kansa daga Accra, da jirgin safe. Ya zauna a gaban na'urar ya bi shaidar kowane akwatin da ya dawo, duk kore. Sannan ya sa aka jera su a tebur yana duba kawunan sukuran da gilashin ƙara girma. A jikin uku ya ga ƙujewar sukundireban hannu. Na san yadda aka yi: na kwanakin da Baba ke ƙarasawa ne, ya gyara wasu sukuran, wani ya kuɓuce masa a akwatin. Mai kamfanin bai ga haka ba. Shi abin da ya gani, na'ura ta ce lafiya, hannu ya taɓa, ruwa ya shiga.

Na yi masa bayanin roba iri biyu, da juyi bakwai, da layi na uku a shafin da ke kulle. Ya saurare ni har ƙarshe, ba zan yi masa ƙarya ba. Sannan ya ce, "Ina zanen da ya nuna haka?"

"Ba mu da wayar fitar da shi, sa."

"To wa ya ƙirga juyin?"

"Baba ne."

"Da me?"

"Da hannunsa."

Ya rufe littafinsa. Kafin la'asar manaja ya kira Baba ofis ya ce ya ɗan huta a gida har a gama bincike. Ina tsaye a teburin rufi ya fito. Ya ɗauki butarsa da hularsa ta sanyi da ke rataye a ƙusa, ya bi kowane tebur ya yi sallama. Da ya iso wurina na fara cewa, "Baba, wallahi na gaya masa," sai ya ɗaga hannu.

"Na ji ki ta taga, ɗiyata. Ki riƙe aikinki. Ki dai ci gaba da sa takardar."

Na riƙe aikina. Ina da uwa a gida da 'ya a makaranta, kuma ko ba su, ban san inda barina zai kai kowa ba. Na koma ni ke riƙe bindigar da kaina, ina sa takarda, kusurwa na cika.

Lambar sirrin ta zo bayan mako bakwai da fara nemanta, a saƙon waya, da rana tsaka, ba ko gaisuwa. Lamba shida ce. Na buɗe shafin, na je layi na uku, na goge sifili na rubuta shida. Ko kofin koko ba za a shanye ba a lokacin da abin ya ɗauka. Na rufe akwati talatin a jere, masu tauri da masu laushi a gauraye, na bi su da takarda. Ko ɗaya ba ta shiga ba, ko ɗaya bai ci haƙori ba. Na kira manaja ya gani. Ya karɓi takardar ya gwada da kansa har akwati goma, sannan ya jawo kujerar da ke kusa ya zauna.

A ranar ya rubuta wa Accra cewa a dawo da Baba, ya nuna mini kafin ya tura. Amsar da ta zo ita ce an gode da ƙoƙari, amma an riga an rage gurbin, tunda ga shi aiki na tafiya da mutanen da ke nan.

Ranar Juma'a bayan an sauko na je Kaladan. Na same shi a ƙofar gida a ƙarƙashin dalbejiya, ya baje agogon bango na wani maƙwabci a kan tabarma. Ya rame kaɗan. Muka gaisa, ya sa aka kawo mini ruwa. Na gaya masa lambar ta zo, kuma abin ya gyaru.

"Nawa kika sa?"

"Shida."

Ya ɗan yi tunani. "Da kin sa shida da rabi. Amma shida ma ya yi."

Na gaya masa maganar wasiƙar manaja da amsar da aka bayar. Ya ce Allah Ya sa haka ya fi alheri, ya ci gaba da goge wani ɗan ƙarfe da tsumma. Can ya ɗago ya ce, "Waɗanda ke daji fa?"

Akwatunan da muka riga muka fitar yake nufi. Mu mun san adadin da ya fita, amma ba mu muka kafa su ba. Wata ƙungiya ce ta raba, kuma takardar da suka ba mu sunayen yankuna ne kawai, babu na rugage. Kamfani ya ce duk wanda ya mutu a kawo a sauya. Wanda bai mutu ba tukuna, ba wanda ya ce komai a kansa.

Sai na fara fita ranar Asabar da babur ɗina, da sukundireban hannu da na saya a kasuwa, ina tambaya daga ruga zuwa ruga inda aka ga faifan sola a kan sanda. Manaja ya sani, bai hana ba, bai kuma ce in je ba. Wuri goma sha ɗaya na samu a daminar nan. A huɗu na tarar da rata na matse. A biyu na makara.

Asabar ta ƙarshe da na fita, wani makiyayi ya kwatanta mini wata ruga can gaba da Gbalahi, ya ce akwai firij a wurin. Na bi kwatancensa har na iso wani rafi da a rani ko akuya na tsallakewa. Ranar ya cika ya batse, ruwan ja wur, yana tafe da rassan itace. Daga inda nake ina hango faifan yana ƙyalli a kan sandarsa, da ɗan baƙin akwatin a ƙarƙashi. Na yi kira, na ɗaga gyale. Wata mata ta fito daga bukka ta sa hannu a goshi tana kallona, ta ɗago mini hannu ita ma, ta koma ciki. Ƙarar ruwan ba ta bari ta ji ni ba.

Na kafe babur na zauna a kan wani dutse ina jira ko zai janye. Na yi azahar a wurin, na yi la'asar. Ruwan bai ragu ba, gabas kuma ta fara haɗa wani hadarin. Na tayar da babur na juyo gida.

Da rani ya shiga na koma. Na tsallake rafin da ƙafa, na tarar da sandar a tsaye ba komai a kanta, da da'irar inda bukkoki suka taɓa zama. Wani manomi da ke kusa ya ce sun tashi tun bayan girbi, sun yi arewa da shanunsu. Na tambaye shi ko sun tafi da firijin yana aiki. Ya ce shi dai ya ga an ɗora shi a amalanke.